Gasar Harbi Daga Nesa a Filin Creedmoor

Ko wane maharbi ya san albarushi. Ya san ƙararsa, ya san farin hayaƙin da ya kan turnuƙe bayan an harba. Ya kuma san bindigar toka ba ta cin dogon zango. In yana so ya ka da barewa, sai ya yi ta sanɗa har ya matso kusa da ita, in ba haka ba ya yi hasarar ɗurinsa. Saboda haka in an ce akwai waɗansu mutane da suka yi aiki da irin wannan albarushi, suka riƙa samun abin da suka auna daga nisan yadi 1,000, watau fiye da rabin mil, mai ji sai ya zaci tatsuniya ce. Amma kuwa an yi haka, a gaban dubban shaidu. Karawar da ta fi shahara ita ce wadda aka yi tsakanin mutanen Ailan da na Amurka cikin shekarar 1874, wadda maki uku kaɗai suka raba.

Asalin al'amarin

Cikin shekarar 1859 mutanen Ingila suka shiga fargaba, suna tsoron kada Faransa ta kawo musu yaƙi. Sai 'yan kasuwa da akawuna da masu sana'a suka riƙa shiga ƙungiyoyin sojan sa kai, suna koyon harbi in sun tashi daga aiki. A wannan shekara aka kafa babbar ƙungiyar masu harbi ta ƙasar. Da shekara ta kewayo, cikin 1860, ƙungiyar ta yi taronta na farko a filin Wimbledon, kusa da Landan. Sarauniya Biktoriya ce ta yi harbin buɗe taro. An kafe mata bindiga a kan wani abu, an saita, ita kuwa ta ja igiya, dalma ta faɗa tsakiyar allo daga nisan yadi 400.

Yaƙin da a ke tsoro bai zo ba, amma harbin ya zama wasa mai daraja. Cikin 1862 aka sa wata babbar garkuwa, a ke kiranta Garkuwar Elcho, wadda za a riƙa gasarta ko wace shekara. Ko wace ƙasa ta kan kawo mutum takwas, ko wane mutum ya yi harbi 15 daga yadi 800, da 15 daga yadi 900, da 15 daga yadi 1,000. Da fari Ingila da Sikotilan ne kaɗai su ke karawa, daga baya Ailan ta shigo. Mutanen Ailan suka yi shekaru suna shan kaye, har ya zuwa 1873, sa'ad da suka ka da sauran duka biyu suka ɗauki garkuwar.

A can Amurka kuwa, an yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, hafsoshi kuma suka ga yawancin sojansu ba su iya bara ba. Don gyara wannan, waɗansu tsofaffin hafsoshi biyu, William Church da George Wingate, suka kafa ƙungiyar koyar da harbi a New York cikin 1871. Aka sayi wata gona a tsibirin Long Island, wadda dā ta ke ta iyalin Creed, aka share ta, aka sa mata suna Creedmoor. An buɗe filin cikin 1873.

Takardar neman karawa

Shugaban maharban Ailan shi ne Manjo Arthur Leech. Da ya ga mutanensa sun gagari kowa a gida, sai ya hanga ƙetaren teku, gama ya sha jin labarin cewa Amurkawa gwanayen harbi ne. Ya rubuta takarda, aka buga ta a jaridar New York Herald cikin watan Nuwamba 1873, yana kiran maharban Amurka su fito a gwada. Ya ce shi da mutanensa za su shiga jirgin ruwa su zo har gida.

Sharuɗɗan da aka daidaita a kai su ne: nisa ya zama yadi 800 da 900 da 1,000; nauyin bindiga kada ya wuce laba 10; kunamar bindiga kada ta yi sakwa-sakwa, sai an ja ta da ƙarfin laba 3 kafin ta tashi; ba a yarda da madubin hangen nesa ba; ba a yarda a ɗora bindiga a kan wani abu ba, sai jikin mai harbi. Amurkawa kuma lalle su yi harbi da bindigar da aka ƙera a ƙasarsu. Ko wane gefe ya ajiye fam 100.

Babbar ƙungiyar Amurka ba ta amsa ba. Wata 'yar ƙaramar ƙungiya ce a New York, ta masu harbi don sha'awa, ta ce ta karɓa. Masu hankali suka yi mamakin ƙarfin halinsu, domin mutanen nan ba su saba harbi a irin wannan nisa ba, kuma duk Amurka babu bindigar da aka ƙera domin wannan aiki. Sai kamfanoni biyu, Remington da Sharps, suka ce su za su ƙera, suka kuma raba kuɗin ajiyar tsakaninsu suka biya.

Bindigogin da aka kara da su

A nan ne gardamar gaske ta ke. Mutanen Ailan suna harbi da bindigar John Rigby, wani shahararren maƙerin bindiga na birnin Dublin, wanda shi ma yana cikin masu harbin. Bindigarsa ta baki a ke ɗura mata, kamar ta toka: a zuba albarushi, a sa dalma, a tura da sanda. Amma cikin bututunta an yi masa tsagi a murɗe, kamar murɗin igiya. In dalma ta fita sai ta riƙa juyi kamar mazari, wannan juyi kuwa shi ke sa ta tafi sosai ba ta karkace ba. A lokacin nan gwanayen Ingila da Ailan sun haƙiƙance babu bindigar da za ta kai mai ɗuri ta baki daidaito a nesa.

Bindigogin Amurkawa kuwa ta gindi a ke ɗura musu. Albarushi da dalma da ɗan abin da ke kama wuta duk suna haɗe cikin kwanson tagulla guda, watau harsashi ke nan irin wanda aka sani yanzu. A buɗe gindin bututu, a sa harsashi ɗaya, a rufe. Kowa ya yarda irin wannan ta fi sauri, ta kuma fi dacewa da soja. Abin da ba a yarda ba shi ne ta iya samun allo daga yadi 1,000 sau da yawa a jere.

Faɗin ramin bututun ya gaza rabin inci kaɗan. Nauyin dalma wajen oza ɗaya da kwata ne, doguwa ce, a kan naɗe ta da siririyar takarda don kada ta goge a jikin bututu. Albarushin ko wane harbi kuwa wajen kashi ɗaya cikin biyar na oza ne, a kan auna shi a ma'auni, ba da ƙiyasin ido ba.

Wuyar harbin nesa

Hausawa sun ce kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Haka dalma ta ke. Albarushi ba ya tura ta da ƙarfi ƙwarai, sai ta yi wajen daƙiƙa uku, irin ta ƙiftawar agogo, kafin ta cinye yadi 1,000, tana tafiya tana faɗuwa. Saboda haka mai harbi ba ya miƙa bakin bindiga sosai ga allo, sai ya ɗaga shi sama. Dalma ta kan hau har ta kai wajen ƙafa 40 a tsakiyar tafiya, tsawon babbar bishiya ke nan, sa'an nan ta gangaro ta faɗa wa allo daga bisa. Domin a san iyakar ɗagawar da za a yi, sai aka kafa wani dogon ƙarfe a bayan bindiga, mai zane-zanen awo da 'yar ƙofar leƙawa, a na murɗa shi sama ko ƙasa kaɗan kaɗan. A bakin bindiga kuma akwai ɗan ma'aunin ruwa irin na magina, don mai harbi ya san bai karkata ta ba.

Abu na biyu shi ne iska. Cikin daƙiƙa ukun nan, iska mai ɗan ƙarfi ta isa ta kore dalma ƙafa da dama, har ta fice daga allo ɗungum. A kan kafa tutoci a gefen fili, mai harbi ya dube su ya san inda iska ta dosa da ƙarfinta, sa'an nan ya gyara saitinsa. In rana ta yi zafi kuma, kawalwalniya ta kan tashi daga ƙasa, allo ya riƙa rawa a ido, ya bayyana a inda ba nan ya ke ba.

Abu na uku shi ne dauɗa. In albarushi ya ƙone, wajen rabinsa ba ya zama iska, sai ya zama hayaƙi da toka mai danƙo, wadda ke manne wa cikin bututu. In ta taru ta bushe, harbi na biyu ba zai faɗa inda na farko ya faɗa ba. A nan mai ɗuri ta gindi ta sami galaba guda: a kan buɗe ta, a goge bututu tas daga wannan kai zuwa wancan, a leƙa a tabbata ya fita, bayan ko wane harbi.

Allon da a ke auna na ƙarfe ne, faɗinsa ƙafa 12, tsayinsa ƙafa 6, an shafe shi da fari. A tsakiya akwai baƙi mai kusurwa huɗu, ƙafa 3 ko ta ina. Wanda ya sami baƙin yana da maki 4, wanda ya sami kewayensa maki 3, wanda ya sami gefen allo maki 2. Daga yadi 1,000 baƙin nan bai fi ƙwayar dawa da aka ajiye a nisan yadi huɗu girma a ido ba. Kusa da allo akwai masu duba, suna ɓoye a mafaka. In dalma ta bugi ƙarfe sai su ɗaga faifai mai launi, jama'a su san makin da aka ci. Farin faifai shi ne alamar an sami baƙin tsakiya.

Amurkawa suka yi watanni suna gwaji. Ko wane mutum yana da littafi, inda ya ke rubuta nisa, da yanayin iska, da hasken rana, da inda ya kafa saiti, da inda dalma ta faɗa. Suka kuma gwada saitin bindigoginsu da juna, har ya zama in mutum ɗaya ya yi harbi ya faɗi awonsa, na kusa da shi ya san yadda zai gyara nasa. Da haka mutum shida suka zama kamar ido ɗaya.

Ranar karawa

Ran 26 ga watan Satumba 1874 aka haɗu a Creedmoor. Dubban mutane suka zo kallo, yawancinsu cikin jirgin ƙasa daga New York. An yi zafi ƙwarai ran nan. Ko wane gefe ya fid da mutum shida. Na Amurka su ne Henry Fulton, da John Bodine, da L. L. Hepburn, waɗanda suka riƙe Remington, sai G. W. Yale, da H. A. Gildersleeve, da T. S. Dakin, masu Sharps. Hepburn ma'aikacin Remington ne, Yale kuma na Sharps, watau ko wane kamfani ya sa mutuminsa cikin fage. Na Ailan su ne Rigby, da Hamilton, da Wilson, da Milner, da Johnson, da Walker.

Kwanciyar da waɗansu suka yi ta ba 'yan kallo mamaki. Maimakon rub da ciki, sai mutum ya kwanta rigingine, ƙafafunsa suna fuskantar allo, ya harɗe su, ya ɗora bututun bindiga a kai, ya sa hannu ɗaya ta bayan wuya ya riƙe gindinta. Ba ta da kyaun gani, amma ta kan hana bindiga rawa, ba a kuma karya sharaɗi ba, gama jikin mutum ne kaɗai ke tallafe da ita.

A yadi 800 Amurkawa suka ci maki 326, mutanen Ailan 317. Aka ja da baya zuwa yadi 900. A nan baƙi suka fara farfaɗowa, suka ci 312, masu gida 310. Amma a nan kuma tsautsayi ya faɗa musu. Alluna a jere su ke, dukansu iri ɗaya. Milner ya kwanta, ya auna, ya harba, dalmarsa ta faɗa cikin baƙin tsakiya sosai, ashe allon wani ne ba nasa ba. Bisa ga doka harbin ya tafi a banza, ba a ba shi ko maki ɗaya ba. Mutanen Ailan ba su yi jayayya ba, suka ci gaba.

A yadi 1,000 suka ƙara matsowa. Suka riga gamawa, jimlarsu ta kama 931. Aka lasafta na Amurka aka ga 930, saura harbi ɗaya tak, na Kanar Bodine. In ya sami allo ko a gefe ne ƙasarsa ta ci, in ya kuskure ta faɗi da maki ɗaya. Ga shi kuwa jim kaɗan kafin nan wata kwalbar abin sha ta fashe a hannunsa ta yanke shi, jini yana zuba. Ya ɗaure hannun da adiko, ya kwanta rub da ciki yadda ya saba, ya daɗe yana auna. Fili ya yi tsit. Ya harba. Aka yi ta jira har dalma ta cinye tafiyarta, aka ji ƙarar ƙarfe daga nesa, sai ga farin faifai ya taso. Amurka ta tashi da 934, Ailan 931.

Wanda ya fi kowa ci ran nan shi ne Fulton, ya sami 171 cikin 180. Manjo Leech ya karɓi kaye da fara'a, har ya bar wa Amurkawa kyautar wani kofin azurfa domin su riƙa gasarsa a tsakaninsu.

Abin da maki ukun suka nuna

Jaridun Amurka suka yi ta murna, suna cewa sabuwar bindiga ta ka da tsohuwa. Amma wanda ya duba lissafi da kyau zai ga ranar nan ba ta yanke gardamar ba. Mutanen Ailan ne suka fi ci a yadi 900 da yadi 1,000, inda aikin ya fi wuya. Da a ce harbin Milner ya faɗa a allonsa, da sun tashi da 935, da su suka ci. Bugu da ƙari, shi kansa Fulton, ko da ya ke kwanson albarushi ta gindi ya ke sa shi, dalmarsa ta baki ya ke tura ta, don bai gama amincewa da sabuwar hanya ba. Iyakar abin da aka tabbatar ran nan shi ne mai ɗuri ta gindi ta isa ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ta Rigby. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, gama shekara guda kafin nan ba wanda zai yarda da haka.

Shekarun da suka biyo baya su ne suka raba gardama. Cikin watan Yuni 1875 Amurkawa suka rama ziyara, aka kara a Dollymount, bakin teku kusa da Dublin, suka ci da ratar maki fiye da 30. Daga nan suka zarce Wimbledon, inda Ingilishi suka ba su wani kofi, wanda Fulton ya fara ɗauka. Cikin 1876, shekarar da Amurka ta cika shekara 100 da samun 'yancin kai, aka kira babbar gasa a Creedmoor domin wata kyauta mai suna Palma. Ƙasashe biyar suka shiga: Amurka, da Ailan, da Sikotilan, da Ostareliya, da Kanada. Amurka ta zo ta ɗaya, Ailan ta biyu. Cikin 1877 aka tsamo gwanaye daga dukan ƙasar Birtaniya suka zo, su ma suka sha kaye. Bayan wannan maharban Birtaniya suka fara ajiye masu ɗuri ta baki ɗaya bayan ɗaya. Shi kansa John Rigby, cikin 1887 aka naɗa shi shugaban ma'aikatar bindigogi ta gwamnati a Enfield, inda a ke ƙera wa soja masu ɗuri ta gindi.

Bindigar Sharps tana da wani tarihi kuma, wanda ba na alfahari ba ne. A shekarun nan da a ke tafa mata a Creedmoor, irinta ce masu farautar fata suka riƙa kashe ɓaunar Amurka da ita a filayen yamma. Mutum ya kan zauna daga nesa inda garke ba ya ganinsa, ya yi ta ka da su, a feɗe fata a bar nama ya ruɓe. Dabbar da dā a ke ƙidaya ta da miliyoyi, kafin shekarar 1890 waɗanda suka rage a daji 'yan ɗaruruwa ne. Mutanen ƙasar na asali, waɗanda abincinsu da suturarsu da bukkokinsu duk daga ɓauna su ke, suka shiga yunwa da wahala. Daidaiton da ya kawo kofi a wani wuri, shi ya kawo hasara a wani.

Ƙarshen zamanin albarushi

Zamanin nan bai daɗe ba. Sha'awar jama'a ta yi sanyi, kamfanin Sharps ya rufe cikin 1881. Cikin 1884 wani masani Bafaranshe, Paul Vieille, ya gano wani sabon maganin harsashi marar hayaƙi, wanda ya fi albarushi ƙarfi nesa ba kusa ba, ba ya kuma barin toka mai yawa. Cikin 1887 sojan Faransa suka fara riƙe bindigar Lebel mai aiki da shi, sauran ƙasashe suka bi. Harsashi ya ƙanƙance, ya ƙara sauri, ya daina hawa sama kamar jifa. Ingilishi suka ta da taronsu daga Wimbledon zuwa Bisley cikin 1890. Filin Creedmoor ma gari ya cim masa, maƙwabta suka yi ta kuka da harsashi, aka mai da gasa wani wuri, daga bisani aka gina asibiti a gurbin. Kyautar Palma ta ainihi, wadda ta fi mutum tsawo, ta ɓace, har yau ba a gan ta ba.

Duk da haka abin bai mutu ba. Har yanzu a na gasar Palma tsakanin ƙasashe, a yadi 800 da 900 da 1,000, amma da bindigogin zamani. Kofin Leech da kofin Wimbledon ma a na gasarsu a Amurka. Akwai kuma waɗansu masu sha'awa, a Amurka da Turai da Ostareliya da Afirka ta Kudu, waɗanda suka koma wa albarushi da gangan. Waɗansu maƙera a jihar Montana da ƙasar Italiya suna ƙera musu bindigogi irin na Sharps da Remington sak. Su kan narka dalmarsu da kansu, su auna albarushi, su goge bututu, su dubi tuta, su rubuta kome a littafi, kamar yadda Fulton da Bodine suka yi. Wanda ya yi harbi a cikinsu ya kan kwanta shiru cikin hayaƙi, yana jiran daƙiƙa ukun nan su cika, kafin ya san ko awonsa ya yi daidai.